Robar birkin keken tirayal: ka fara duba rim ɗinka kafin ka tura kuɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tayar baya a bakin dutse, can wajen Shere ko bayan dam ɗin Lamingo, ya san cewa a wannan lokacin ba ƙafarka ce ke riƙe da kai ba, wata 'yar roba ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. In ta riƙe ka tsallake, in ta zame keken ya fice ta gabanka kai kuma ka dawo da baya, ƙugunka da ƙeyarka su gaisa da dutse, kuma dutsen Jos kun san ba ya wasa. Ni ya taɓa faruwa da ni, kusan sati biyu ina kwana rub da ciki. Shi ya sa duk yaron da ya zo mini da "yaya wace roba zan saya?" ba na ba shi suna, sai in ce kawo keken in ga rim ɗin tukuna.

Don wanda bai san wasan ba: tirayal shi ne hawa duwatsu da katanga da kututture da keke ba tare da ka sa ƙafa a ƙasa ba. A Sifen ya samo asali, yankin Kataloniya, a shekarun 1970, daga wasan babur aka kwaikwayo shi, kuma Pere Pi da ɗansa Ot Pi suna cikin waɗanda suka tashe shi. Akwai keke mai wili inci 20 da ake kira mod, akwai mai inci 26 da ake kira sitok, sai mai inci 24 na masu wasa cikin gari, kuma na gasa ko sirdi ba su da shi. A gasa duk sa ƙafa maki ne a kanka, ka tara biyar ka faɗi wannan sashen. To a irin wannan wasa birki ba don rage gudu yake ba, kamar makunnin wuta yake, ko wili na juyawa ko ya kulle tamau, shi kenan. Robar da ke kan keken zuwa kasuwa an yi ta ne ta tsayar da kai sannu a hankali, mu kuma ba wannan muke nema ba.

Mataki na 1: wane irin birki ne a kekenka

Iri biyu ne masu matse rim. Akwai na mai, wanda kusan kowa ya sani da Magura HS33, na kamfanin Jamus, da irinsa da su Echo ke yi. Wannan robarsa tana da ɗan maƙale a baya da ke shiga cikin fistin, turawa kawai za ka yi ta ce ƙas. Sai na waya, wato V, shi robarsa da noti a jiki da wosha-wosha masu lanƙwasa. Ba sa shiga wa juna, saboda haka in za ka yi oda ka karanta da kyau, don roba iri ɗaya sukan fitar da ita a gidaje biyu, na Magura da na V, hoton kuma kusan ɗaya ne a waya. Kaya ne da sai daga Ingila ko Sifen ko Chaina suke zuwa, a kasuwannin Jos irin su Terminus ko Katako robar keken gida kawai za ka samu, in ka yi kuskure mayarwa ta fi sayen tsada.

Mataki na 2: rim ɗin, kuma nan ne gizo ke saƙar

Ka sa yatsa ka shafa gefen rim inda roba ke kamawa. Ko dai sumul yake kamar yadda ya fito daga kamfani, ko an gurje shi da giranda ya yi kaushi kamar magagari. Duk zancen roba daga nan yake farawa, don roba da rim aure ne, in ba su dace ba ko nawa ka kashe an yi ba a yi ba.

Rim mai santsi yana son roba mai laushi, wadda in ka danna farce za ta lotsa. Ranar da garin yake a bushe kuma rim ɗin tsaf yake, riƙonta zai ba ka mamaki, ba ta da ƙara sosai, kuma kana iya jan birki kaɗan-kaɗan in kana tafiya a kan tayar baya. Amma ka bari ɗigon ruwa ya taɓa ta, ko ƙurar hunturun nan tamu da ke shiga har cikin kwanon abinci, sai ka ji kamar an shafa wa rim ɗin sabulu. A Jos kuwa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce, ka lissafa da kanka kwana nawa suka rage maka.

Rim da aka gurza shi kuma yana son roba mai ɗan tauri. Ka sa masa mai laushi zai cinye ta kamar ana kankare rogo, yau ka sa, kafin wata ya ƙare ka ga gidan robar yana goga rim. Mai tauri kuma in ka ɗora ta a rim mai santsi ba ta da abin kamawa, zamewa kawai za ta yi tana kuka. Ra'ayina, kuma ba na ɓoyewa: in a Filato kake hawa, kuma kan dutse kake hawa, ka gurza rim ɗin baya, gurza matsakaiciya, ka nemi roba mai matsakaicin tauri. Na gaba kana iya barinsa sumul ko ka yi masa gurza mara zurfi, da yawa ma birkin diski, wanda ba ya taɓa rim, suke sa wa gaba su huta.

Akwai masu shafa kwalta a rim mai santsi, a tsinto ɗan dunƙule a gefen titi a ja layi biyu uku. Tana aiki, ba zan yi ƙarya ba, har ta wuce gona da iri, ka saki birki robar ta ƙi sakin rim daidai lokacin da kake son tashi. Ruwa na sauka kuma amfaninta ya ƙare, ƙura na manne mata ta koma laka. Maganin wucin gadi ce, kar ka gina wasanka a kanta.

Yadda ake gurzawa, tunda dole tambayar za ta zo

Ka cire wilin daga keke, ka cire taya da tif gaba ɗaya. Wasu suna sace iska kawai su tura tayar gefe, ni ban yarda da wannan ba, giranda in ta kuɓuce sau ɗaya tayarka ta tafi, tayar tirayal kuma ba a kan hanya ake tsintar ta ba. Ka kwantar da wilin a ƙasa ka taka shi ko wani ya riƙe maka. Tabarau dole ne, garin alminiyam ne zai dinga tashi, ka ɗaure hanci ma. Faifan yanka siriri ake sa wa, bakin faifan ne zai taɓa rim ba cikinsa ba, in ka miƙar da shi sosai gurzar ta yi kaifi, in ka kwantar da shi ta yi laushi. Kar ka danna, nauyin injin ya isa, kuma kar ka tsaya wuri ɗaya, ja kawai kake yi kana zagayawa har ka dawo inda ka fara, sannan ka juya ɗaya gefen.

In ba ka da injin, wajen mai walda za ka, amma ka tsaya a kansa. Shi aikinsa kullum ya goge ƙarfe ya yi sumul, kai kuma kishiyar haka kake so, in ka ba shi ka tafi cin abinci za ka dawo ka tarar ya yi maka gyara ya cinye rabin rim. Ka ce masa maigida karce nake so ba guga ba, in da tsohon rim ku fara gwadawa a kansa. Rim na alminiyam kaɗai ake yi wa wannan, kuma duk gurza tana rage masa kauri, ba abin da za ka dinga yi duk sati ba ne. Ka bari sai ka shafa ka ji kaushin ya mutu sannan ka sake.

Mataki na 3: abu uku da kake kwatantawa

Yara suna son tambayar wacce ta fi, ni kuma in ce ta fi a me? Na farko cizo, wato yadda robar ke cafke wili nan take da ka taɓa hannun birki. Na biyu riƙo, bayan ta cafke za ta iya hana wilin motsi in duk nauyinka ya dawo baya, misali ka yi tsalle tayar baya ta sauka a bakin dutse ƙiris ya rage ta zamo. Na uku daɗewa. Mutane suna ruɗuwa da cizo saboda shi ne mai ƙara, ka ja birki a Rayfield a ji ka kamar hon ɗin tirela, kowa ya ce kai wannan birki ne! Amma ƙara ba riƙo ba ce. Na ga roba mai ihu kamar me, da an koma baya sai ta saki. In za a ce in zaɓi ɗaya riƙo zan ɗauka, don cizo mara ƙarfi tsalle kawai zai ɓata maka, rashin riƙo kuwa asibiti ne.

Yawancin robar tirayal ba irin baƙar robar taya ba ce, foliyuritan ce, dangin abin da ake yin tayar siket da shi, wato takalmin nan mai taya. Ana auna taurinta da ma'aunin Shore A, lamba in ta hau tauri ya ƙaru, in mai sayarwa ya rubuta lambar to ka samu abin kwatance. Kar kala ta ruɗe ka. Rawaya a wannan kamfani daban take da rawaya a wancan, kowa da yadda yake rina tasa.

Sunayen da za ka yi ta cin karo da su: Heatsink da Trialtech na Ingila, TNN na Ostareliya, Jitsie na Beljiyam, Monty da Clean na Sifen, sai robar Coust daga gidan Coustellier na Faransa, gidan su Gilles Coustellier da ya ci gasar duniya sau da dama. Rawayar Heatsink da LGM ta TNN da Coust duk an san su a kan rim da aka gurza. Kusan kowane kamfani yana rubuta wace roba ce ta rim mai santsi wace ce ta gurzajje, wannan layin shi za ka karanta kafin farashi. Ita kuwa baƙar robar da ke zuwa da Magura a kwali, ta hawan yau da kullum ce, ba laifinta ba ne, ba don wasanmu aka yi ta ba. Ka ajiye ta don ranar da ka rasa.

Mataki na 4: gidan robar

Wannan mutane suna raina shi. Akwai gidan filastik, akwai na alminiyam da aka sassaƙa da inji. Na filastik ya fi araha da rashin nauyi, amma yana ɗan lanƙwasawa in ka matse, sai hannun birki ya yi maka tiɓis-tiɓis, kuma yakan tsage in ya sha wuya. Na alminiyam ba ya motsi, ƙarfin yatsanka gaba ɗaya yana isa rim, ƙararsa ma ta fi. Tsadarsa ta farko ce kawai, don in robar ta cinye ba jefarwa za ka yi ba, robar zalla za ka saya ka ɓamɓare tsohuwar, ka kankare tsohon gam ɗin tas, ka manna sabuwa da sufa gulu, ka matse ta a bar ta ta kwana. A wurinmu da kuɗin kawo kaya kan kai kuɗin kayan, wannan lissafin yana da muhimmanci: gida ɗaya na alminiyam, robar canji biyu ko uku a oda ɗaya, ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kuɗin jirgi.

Abu ɗaya dai, gidan alminiyam ba ya yafiya. In ka ɗaura shi a karkace haka zai zauna a karkace, na filastik ne ke ɗan lanƙwasawa ya rufa maka asiri.

Mataki na 5: ɗaurawa, inda rabin masu zagin roba suke faɗuwa

Kafin komai wilin ya miƙe. Ka juya shi ka kalli tsakanin rim da roba, in yana rawa kai shi wajen mai gyaran keke ya ja sufok, wannan kam masu gyaranmu sun iya shi sarai. Wili mai rawa zai tilasta maka ka nisanta roba da rim, birkin kuma ya yi nisa a hannu.

Sannan robar ta kwanta fal a kan rim, gaba da baya da sama da ƙasa duk su taɓa lokaci ɗaya. A keken gida ana ɗan karkata gaban robar don kashe ƙara, kuma bakanike in ka ba shi haka zai yi maka don a ganinsa taimako ne. A tirayal ba a yin haka. Ga yadda nake yi a Magura: in sassauta notin nan huɗu da alanki har silinda ta iya motsi, in mayar da ɗan maɓallin daidaitawa na hannun birki baya gaba ɗaya, in saka kwali mai kauri kamar milimita 2 tsakanin roba da rim a kowane gefe, in tura silindar ta danne kwalin, sai in ɗaure noti kaɗan-kaɗan ina zagayawa, wannan rabin juyi wancan rabin juyi, don in ka ɗaure ɗaya har ƙarshe zai ja silindar gefe. In zare kwalin in ja birki in leƙa daga sama da baya. Ba ya fita a karo na farko, wani lokaci sai na yi sau huɗu, ka yi haƙuri da shi. Kuma kar ka ɗaure da fushi, notin a cikin alminiyam yake shiga, zaren in ya tafi ka sayi wata wahalar.

Ka duba robar ba ta taɓa taya ba, ba ta kuma leƙa ƙasan rim ba. In tsohuwa ce da ta ci a karkace, shimfiɗa samfefa a kan tayil ko gilashi ka goga ta har ta daidaita kafin ka mayar.

Ka ja birki da ƙarfi kana kallon firam ɗin. In ka ga ƙafafunsa suna buɗewa, ƙarfinka a can yake tafiya, maganinsa busta, ƙarfen nan mai kama da kofaton doki da ke haɗa gefen biyu. Roba mai tsada a firam mai buɗewa, an gudu ba a tsira ba. A birkin V kuma waya mai kyau da kwasfar waya marar matsewa su ne rabin aikin, tsatsa a waya tana cinye cizo fiye da yadda kake zato.

Bari in ɗan kauce, don wannan ya ci ni. Magura man ma'adinai take sha, nasu suna kiransa Royal Blood, ba man birkin mota ba. Na taɓa barin keke a wani shago aka cika mini da DOT na mota, da kyakkyawar niyya wallahi, kwana kaɗan robobin cikin suka kumbura fistin ya ƙi dawowa, sai da na nemi wani birkin. 'Yan tirayal da yawa ruwa suke zubawa don hannun ya yi saurin dawowa, a Turai suna haɗa shi da maganin daskarewa, mu sanyin Jos duk da sunansa bai cika kai wa can ba, amma ka sani kamfanin bai yarda da wannan ba, kuma ruwa ba ya shafa wa robobin ciki mai. Ko me ka zuba, kar ɗigo ya taɓa roba ko rim.

Mataki na 6: kar ka yanke hukunci ranar farko

Sabuwar roba sai ta saba da rim. Ka watsa ruwa mai tsafta a rim, ka taka keken a fili kana kama birki kana saki sau da yawa, ka sake ɗauraye garin da ya fita, ka bari ya bushe. Wata tana kamawa a ranar, wata sai an yi hawa biyu uku.

In kana son kwatanta roba biyu da gaske, abu ɗaya za ka canza. Ba ka sake gurza ka sa busta ka canza roba duk rana ɗaya sannan ka zo kana yabon robar ba. Rim ɗaya, wuri ɗaya. Gwajin farko a ƙasa: kulle birkin baya da yatsa ɗaya, ka taka feda da ƙarfinka, in wilin ya motsa, riƙon da ke hana shi juyawa gaba ya gaza. Na biyu, nemi dakali ko dutse da bai wuce gwiwa ba, ɗora tayar baya a bakinsa ka saki nauyinka baya, a nan ake gane riƙon gaskiya, kuma ka yi shi da hular kwano a inda in ka faɗi dariya kawai za a yi maka. Na uku, zuba ruwan leda ɗaya a rim ka maimaita. Sannan ka gwada da sassafe lokacin sanyi da kuma tsakar rana, don roba tana ƙara tauri a sanyi, wadda ta yi maka daɗi da azahar tana iya zama katako da asuba a watan Janairu. Ka rubuta abin da ka ji a waya, in ba haka ba bayan wata biyu ba za ka tuna ba.

Kula da ita ba wani abu ba ne. Ruwa da tsumma mai tsafta sun isa, in maiƙo ya taɓa rim a goge da sifirit, ban da fetur ban da kalanzir. In kana sa wa kaca mai, rufe rim da takarda. In fuskar robar ta yi ƙyalli goga ta kaɗan da samfefa, ka kuma tsince 'yan ɓurɓushin alminiyam da ke nutsewa a ciki da bakin allura. Sai gangara, garin nan duk gangara ne, in ka sauko daga dutse kana jan birki tun daga sama har ƙasa a kan gurzajjen rim, robar da za ta yi maka watanni za ka ƙone ta a yamma ɗaya, gurzar ma ta mutu. Ka sauka ka tura keken, ko ka bar birkin gaba ya yi aikin. Ni nakan canza roba in abin da ya rage sama da gidan ya kusa milimita 2, ba na jira ta ƙare, tsohuwar kuma in jefa ta a aljihun jaka tare da alanki, don ranar da wani zai ɓalle tasa muna can saman Shere.